Daga Gilasgo Zuwa Aberdeen: Ƙuri'ar Kansila da Rigimar Ɓallewar Sikotlan

Kashegarin ƙaramar Sallar 2022 na hau jirgin ƙasa a tashar Euston da ke Landan, na nufi arewa. Ɗan yayata ne ke karatun digiri na uku a Gilasgo, uwarsa kuma ta ɗaure ni da alkawarin ba zan baro Birtaniya ba sai na ga ɗakin da yake kwana da abin da yake ci. Sallar ta faɗo ranar Litinin 2 ga Mayu, zaɓen ƙananan hukumomin Sikotlan kuma ranar Alhamis 5 ga wata. Wani sharhi da na karanta a hanya ya ɗauki zaɓen a matsayin ma'aunin abu guda: ko masu son yankin ya ɓalle daga Birtaniya suna ƙaruwa, ko kuwa zancen ya fara sanyi. Sai na ce tunda ga ni ga wurin, bari in duba da idona.

Bayan an wuce Carlisle da 'yan mintuna, jirgi ya tsallaka iyaka a daidai Gretna. Ba shinge, ba jami'i, ba wanda ya ɗaga kai daga wayarsa. Tumaki a hagu, tumaki a dama, sai tuddai kore shar. Ingila da Sikotlan sun haɗa sarki tun 1603, suka haɗa majalisa a 1707, amma 'yan Sikotlan ba su taɓa sakin tsarin shari'arsu da na makarantunsu da cocinsu ba, har yau kuma bankunansu uku na buga nasu takardun fam. A 1997 suka kaɗa ƙuri'ar neman majalisar dokoki ta kansu, ta fara zama a 1999. Lafiya da ilimi da 'yan sanda da ƙananan hukumomi suka koma hannun Edinbara, mazaunin majalisar, aka bar wa Landan soja da harkokin waje da shige da fice da kuɗin ƙasa.

Kaɗan yamma da Gretna akwai wani ƙaramin gari mai suna Annan. A nan aka haifi Hugh Clapperton a 1788, Baturen nan da ya shiga Kano ya wuce Sakkwato a 1824, ya zauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake komawa har ajali ya same shi a can a 1827. Mutanen yankinsu na Dumfries da Galloway suna cikin waɗanda suka fi ƙin ɓallewa. A ƙuri'ar raba gardama ta ranar 18 ga Satumba 2014, kusan biyu cikin ukunsu suka ce a'a. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya ga wurin: da yawansu a Carlisle suke aiki da cefane, iyakar da ɗan Gilasgo ke gani a taswira su a bakin ƙofarsu take. A faɗin Sikotlan kuwa masu a'a suka samu kashi 55.3 cikin ɗari, masu e kashi 44.7, kuma kashi 84.6 na masu rajista suka fito. Cikin ƙananan hukumomi 32, huɗu kacal suka zaɓi ɓallewa: Gilasgo, Dundee, North Lanarkshire da West Dunbartonshire.

Na sauka a Gilasgo ina sauraron in ji kiɗa ko lasifika, ban ji ba. Kwana biyu kafin zaɓe, amma ba jerin gwanon motoci, ba hoton ɗan takara a jikin falwaya, sai ɗai-ɗaikun takardu masu launin ɗorawa ko ja da aka manna a tagogin gidaje. Yaƙin neman zaɓensu ta ramin wasiƙa na ƙofa yake shigowa. A ƙasan benen da ɗan yayata ke haya na tarar da tarin takardun jam'iyyu an tattake su da takalma, sun haɗu da na masu tallar abinci.

Muna shan shayi da dare ya ce, "Kawu, ni ma fa ina da ƙuri'a." Na ɗauka zolaya ce. Ya jawo katin da aka aiko masa ta gidan waya, ga sunansa ga adireshin makarantar firamaren da zai je. Ashe ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, muddin yana zaune bisa ƙa'ida, yana da ikon yin rajista. 'Yan Najeriyar da ke zaune a Sikotlan a 2014 sun kaɗa ƙuri'a a kan ko ƙasar ta ɓalle, alhali ɗan asalin Sikotlan da ke zaune a Manchester bai samu wannan damar ba. A 2020 majalisar Edinbara ta ƙara buɗe ƙofar ga duk baƙon da ke da izinin zama, har da 'yan gudun hijira, a zaɓen majalisar yankin da na kansiloli. Shekarun fara zaɓe a waɗannan biyun 16 ne. Duk mai son fahimtar kishin ƙasar 'yan SNP, jam'iyyar da ke jagorantar neman 'yancin kai, sai ya fara daga nan: sun gina hujjarsu a kan wanda ke zaune a ƙasar, ba a kan wanda kakansa ya fito daga cikinta ba. Ko duk magoya bayansu sun yarda da haka har zuci wani zance ne daban, amma a doka haka abin yake.

Ranar Alhamis na raka shi. An buɗe rumfa ƙarfe 7 na safe, za a rufe 10 na dare, kuma a watan Mayu har wajen tara da rabi gari bai gama duhu ba. Ba hutu aka bayar ba, motocin bas na ta zirga-zirgarsu. A bakin ƙofar makarantar wata dattijuwa ta ɗaure ƙaramin karenta a jikin ƙarfe ta shiga, wakilan jam'iyyu biyu, ɗaya da ɗan ƙyalle ja a ƙirji ɗaya da mai ruwan ɗorawa, suna tsaye cikin yayyafi suna hirar ƙwallo. Daga inda nake ina hango tebur da mata biyu da littafin sunaye, da ɗan lungun katako inda aka ɗaure fensir da zare. Ba layi, ba tawada a yatsa, ba a nemi katin shaida ba. Kafin in gama karanta sanarwar da aka liƙa a bango ya fito.

Takardar zaɓen tasu ba irin ta dangwale ba ce. Kowace mazaɓa kansila uku ko huɗu take fitarwa a yawancin wurare, mai zaɓe kuma lamba yake jerawa: 1 ga wanda ya fi so, 2 ga mai bi masa, har inda ya ga dama ya tsaya. A mazaɓa mai kujera huɗu, ɗan takara na buƙatar abin da ya ɗara kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'un. In ya samu fiye da haka, rarar ta gangara kan waɗanda aka ba lamba ta gaba. In kuwa shi ne na ƙarshe, a cire shi a raba ƙuri'unsa ta wannan hanya. Masu fafutuka har suna yi wa mutane nasiha cewa su yi ta jera lamba har sai sun kai kan sunan da ke tayar musu da zuciya, don kada ƙuri'arsu ta mutu a hanya. An fara wannan tsari a 2007, kuma ya sauya komai. A zaɓen 2003, da tsohon tsari na wanda ya fi yawa ya kwashe duka, jam'iyyar Leba ta samu kujera 71 cikin 79 a majalisar birnin Gilasgo. Yanzu da wuya jam'iyya guda ta samu rinjaye ita kaɗai.

Na tambaye shi wa ya ba lamba ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, matar da ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ana ruwa, ta tsaya ta saurari maganata a kan ɗakin karatu na unguwa." Na ce to batun ɓallewa fa? Ya ce ai ba a tambaye shi wannan ba a takardar.

Gaskiyarsa. Ƙananan hukumomin Sikotlan, in ma za a kira su ƙanana, 32 ne ga mutum wajen miliyan biyar da rabi, ba su kai na jihar Kano 44 ba, amma aikin da ke wuyansu babba ne. Su ke riƙe da makarantun firamare da sakandare, da kula da tsofaffi, da kwashe shara, da gyaran tituna, da ɗakunan karatu, su ke karɓar harajin gidaje. A Gilasgo a wancan lokacin shara ce zancen gari, musamman tun yajin aikin masu kwashe ta a watan Nuwamban 2021, daidai lokacin da shugabannin duniya suka taru a birnin don taron sauyin yanayi. Ga kuma bashin fiye da fam miliyan 500 da majalisar birnin ta amince a 2019 za ta biya dubban mata ma'aikata da aka daɗe ana ba su albashin da bai kai na takwarorinsu maza ba, matsalar da SNP ta gada daga zamanin Leba, ta kuma yi ta tunatar da jama'a hakan.

Ranar Juma'a aka ƙidaya, da na'ura. Bayan mun dawo daga babban masallacin Gilasgo da ke kudu da kogin Clyde, muka zauna gaban talabijin. Cikin kujeru fiye da 1,200, SNP ta samu 453, ƙari a kan 431 da ta samu a 2017. Leba ta samu 282 ta koma ta biyu. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta faɗo daga 276 zuwa 214, kuma har 'ya'yanta sun ɗora laifin a kan shagulgulan da aka yi a ofishin Firaminista Boris Johnson lokacin kullen korona. 'Yan takara masu zaman kansu 152, Liberal Democrats 87, jam'iyyar masu rajin kare muhalli 35. Sabuwar jam'iyyar Alba ta Alex Salmond, mutumin da ya jagoranci masu e a 2014, ko kujera ɗaya ba ta samu ba. A Gilasgo abin ya zo kunnen doki saura ƙiris: SNP 37, Leba 36, masu kare muhalli 10, masu ra'ayin riƙau 2. Cikin sababbin kansilolin SNP har da Roza Salih, Bakurdiya da ta shigo birnin tana yarinya a matsayin mai neman mafaka.

Kafin magariba kowa ya yi shelar nasara. Magoya bayan Nicola Sturgeon, shugabar SNP kuma shugabar gwamnatin yankin a lokacin, suka ce shekara 15 jam'iyyarsu na mulki amma kujerunta ƙaruwa suke yi, wannan izini ne na sake ƙuri'ar raba gardama. Masu son zaman tarayya suka ɗauko alƙalami suka ce SNP kashi 34 ta samu na lamba ɗaya, in an haɗa da wajen kashi 6 na masu kare muhalli, waɗanda su ma ke goyon bayan 'yancin kai, abin bai wuce kashi 40 da ɗan ɗoriya ba, don haka zance ya ƙare. Ba wanda ya yi ƙarya a lissafinsa. Abin da dukansu suka tsallake shi ne waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 45 ba, wato kusan rabin taron 2014.

A Clydebank na fi gane inda gizo ke saƙar. Garin na yamma da Gilasgo, tafiyar mintuna kaɗan a ƙaramin jirgin ƙasa, kuma tashar da na sauka sunanta Singer. Na tsaya ina kallon allon sunan, don duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san baƙin keken ɗinkin nan mai zanen ruwan zinare. A nan kamfanin ya kafa masana'antar da ta taɓa zama mafi girma a duniya wajen ƙera keken ɗinki, dubban mutane na aiki a cikinta, har aka rufe ta a 1980. Yau ofisoshi ne da kantuna a wurin, sunan tashar kawai ya rage. In ka gangara bakin kogi za ka ga wani ƙaton injin ɗaga kaya tsaye shi kaɗai, ragowar filin ƙera jiragen ruwa na John Brown inda aka gina Queen Mary da QE2. An gyara wurin, an gina kwaleji, amma iska ce ta fi mutane yawa.

Clydebank na cikin West Dunbartonshire, ɗaya daga cikin huɗun nan da suka ce e a 2014, da kashi 54 cikin ɗari. Wannan ƙaramar hukumar ce kuma a 2022 ta ba Leba, jam'iyyar da ke adawa da ɓallewa, kujera 12 cikin 22, rinjaye cikakke, abin da Leba ba ta samu a ko'ina ba a faɗin ƙasar. A wani ɗan shagon shayi kusa da kasuwar garin na zauna tebur ɗaya da wani tsoho mai manyan hannuwa, wanda ya ce ya yi ƙuruciyarsa a aikin walda a bakin kogin. Sai da na yi ta cewa ya maimaita, don Turancin Clyde ba irin na rediyo ba ne. Abin da na tsinta shi ne: a 2014 e ya kaɗa, gobe aka sake e zai kaɗa, don a ganinsa gwamnatocin Landan ne suka bar garinsu ya mutu. Amma kansila, Leba ya zaɓa, domin ya san mutumin, ya san ubansa, kuma shi ya tsaya wa matarsa lokacin da take neman mai kula da ita a gida. Bai ga wani karo tsakanin biyun ba, ni ma da na yi tunani ban gani ba. Akwai irinsa da yawa, kamar yadda akwai masu zaɓen SNP don sun gamsu da maganin asibiti kyauta da karatun jami'a ba kuɗin makaranta, amma in aka zo maganar raba ƙasa su noƙe. Auna son 'yancin kai da sakamakon zaɓen kansila kamar auna gero ne da kwalbar manja: za ka samu wani adadi, amma ba shi ne mudun ba.

Da a nan zancen ya tsaya, da ya yi sauƙi. Edinbara ce ta nuna mini ɗaya fuskar. Birni ne na duwatsu da tsofaffin gine-gine, in ka bi babban titin da ya gangaro daga ganuwar da ke kan dutse za ka ƙare a gaban majalisar dokoki, wani gini mai karkace-karkace da ɗan Sifaniya Enric Miralles ya zana, aka buɗe shi a 2004 bayan ya ci fiye da fam miliyan 400. Yana fuskantar fadar Holyroodhouse, masaukin sarautar Birtaniya, titi kawai ya raba su. Mutanen Edinbara, birnin bankuna da lauyoyi da jami'o'i, kashi 61 suka ƙi ɓallewa a 2014. Bayan shekara biyu kuma kashi 74 suka ce a ci gaba da zama cikin Tarayyar Turai. A duk Sikotlan kashi 62 ne suka ce a zauna, ba ƙaramar hukuma ko ɗaya da ta zaɓi fita, amma ƙuri'un Ingila da Wales suka ja su waje. Wannan shi ne ciwon da ya farfaɗo da rigimar, domin a 2014 an gaya musu cewa zama cikin Birtaniya ne hanyar tabbata a Turai.

A zaɓen 2022 SNP ce ta zo ta ɗaya a Edinbara da kujera 19 cikin 63. Leba 13, Liberal Democrats 12, masu kare muhalli 10, masu ra'ayin riƙau 9. Duk wanda ya ga wannan zai ce SNP da masu kare muhalli za su kafa gwamnatin birni. Kafin ƙarshen wata sai ga Leba mai kujera 13 ta karɓi jagoranci ƙarƙashin Cammy Day, da ƙuri'un sauran jam'iyyu biyun da ke son zaman tarayya. A ƙaramar hukumar Fife ma haka: SNP 34, Leba 20, amma Leba ta hau. An riga an ga irin wannan a Aberdeen a 2017, inda kansilolin Leba tara suka haɗa kai da masu ra'ayin riƙau suka hana SNP mulki, har uwar jam'iyya ta dakatar da su. A Ingila ɗan Leba da ɗan ra'ayin riƙau ba sa ga maciji da juna. A nan tsoron SNP na iya zaunar da su inuwa ɗaya. Ko a takardar zaɓen ma ana ganin alamar: mai ba ɗan ra'ayin riƙau lamba ɗaya yakan ba Leba ko Liberal Democrats ta gaba, ya tsallake SNP, mai zaɓen SNP kuma yakan gangara wa masu kare muhalli. Ke nan rigimar ɓallewa ba ta cika bayyana a lamba ɗaya ba, a lamba biyu da uku take ɓuya, sannan ta fito fili a ɗakin da kansiloli ke raba muƙamai. Talaka ya je don shara da makaranta, aka ƙarasa masa zancen da tuta.

Dundee ba ta da wannan rufa-rufar. Jirgi na bi ta wata doguwar gada a kan kogin Tay, sai ka ga birnin ya baje a gindin tudu. Da can arzikinsa na masaƙun zare ne mai kama da na rama, wanda ake kawowa daga Bengal a saƙa buhunan algarara. A irin waɗannan masaƙu Mary Slessor ta yi aiki tana yarinya kafin ta tafi Kalaba. Masaƙun sun mutu, an gina sabon gidan tarihi a bakin ruwa a 2018, amma unguwannin baya na fama da talauci da ƙwaya. A 2020 mutum 1,339 suka mutu ta sanadin miyagun ƙwayoyi a Sikotlan, adadin da in aka kwatanta da yawan jama'a ya fi na kowace ƙasa a Turai, kuma Dundee na cikin wuraren da abin ya fi muni. 'Yan adawa na cewa ga abin da mulkin SNP ya kasa gyarawa tun 2007, SNP na cewa dokar ƙwayoyi a hannun Landan take. Duk da haka birnin da ya fi ko'ina cewa e a 2014, da kashi 57, shi ne kaɗai ya ba SNP rinjaye a 2022, kujera 15 cikin 29. A nan kam ƙuri'ar kansila da ta 'yanci sun zo ɗaya. Na lura da tutar nan ta Sikotlan, shuɗiya mai farin gicciye, a tagogi da barandar benaye fiye da duk inda na bi.

Aberdeen ce ƙarshen tafiyata, birnin da aka gina da dutse mai ruwan toka, in hadari ya haɗu ba ka bambance gini da sama. Man fetur na Tekun Arewa ne ya ɗaga shi tun shekarun 1970, shi ya sa ba ka daɗe a titi ba ka ji Yarbanci ko Igbo ko Turancin Fatakwal. Da wannan man SNP ta fara yin ƙarfi, da taken cewa man na Sikotlan ne. Amma mutanen birnin man kusan kashi 59 suka ce a'a a 2014, kuma bayan 'yan watanni farashin ganga ya faɗi warwas, masu a'a suka ce kun gani. Yanzu rijiyoyin na ja baya, kuma tsakanin 2021 da 2024 SNP ta yi mulki tare da masu kare muhalli, waɗanda ba sa son a haƙa sababbi. Ma'aikacin mai da ke son 'yancin kai ya rasa inda zai sa kansa.

Da yamma na tsaya a bakin tashar ruwa ina kallon jirgin da ke kwana a hanya zuwa tsibiran Orkney da Shetland. Can siyasar jam'iyya ba ta da kasuwa, kusan duk kansilolinsu masu zaman kansu ne, kuma in aka zo lissafin ƙasa ba ɓangaren da zai iya cewa nasa ne. Orkney ce ta fi ko'ina ƙin ɓallewa a 2014, da kashi 67. Tsibiran ma asalinsu na sarautar Denmark da Norway ne, a 1468 da 1469 sarkin can ya jinginar da su a madadin kuɗin da ya yi alkawarin haɗawa da 'yarsa da ya aurar wa sarkin Sikotlan, bai kuma fanshe su ba. Su Edinbara ce ke yi musu nisa kamar yadda Landan ke yi wa ɗan Dundee. A 2020 majalisar Shetland ta amince a binciki hanyoyin cin gashin kai, a 2023 ta Orkney ta bi sahu. Mai neman a raba gida ya kwana da shirin cewa wani a nasa sashen zai nemi a sake rabawa.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar mini da abin da na gani a Clydebank. A watan Yunin 2022 Sturgeon ta sa ranar 19 ga Oktoba 2023 don sabuwar ƙuri'ar raba gardama. Ranar 23 ga Nuwamba 2022 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa majalisar Edinbara ba ta da ikon shirya ta sai da yardar Landan, Landan kuma ta ce a'a. Sturgeon ta sauka a 2023, Humza Yousaf ya gaje ta, Musulmi na farko da ya shugabanci gwamnatin yankin, a lokacin da shugaban Leba na Sikotlan, Anas Sarwar, shi ma Musulmi ne ɗan Gilasgo. Ɗaya na son a raba, ɗaya na son a zauna. Yousaf bai wuce shekara da 'yan makonni ba, John Swinney ya karɓa. A babban zaɓen ranar 4 ga Yuli 2024 SNP ta rufto daga kujera 48 da ta ci a 2019 zuwa 9, Leba ta kwashi 37 cikin 57. In da ƙuri'ar jam'iyya ce ma'auni, da sai a ce an binne zancen 'yanci. Amma binciken jin ra'ayin jama'a ya ci gaba da nuna ƙasar a rabe kusan biyu daidai, kamar yadda take kafin faɗuwar. Jama'a sun hukunta jam'iyya, ba su sauya ra'ayi a kan tambayar ba.

Kunnen ɗan Najeriya in ya ji kalmar ɓallewa, yaƙin 1967 zuwa 1970 yake tunawa, shi ya sa na yi ta mamakin yadda ake wannan gardama a kan kofin shayi, a tashi a biya wa juna kuɗi. Sai dai kwanciyar hankalin ba ta nufin an yi adalci ta kowane ɓangare. A ganina duka biyun akwai bashin amsa a kansu. SNP har yau ba ta gamsar da mai shakka ba a kan kuɗin da sabuwar ƙasa za ta yi amfani da shi, da kuma yadda Gretna za ta kasance in Sikotlan ta koma Tarayyar Turai Ingila na waje, alhali wajen kashi 60 na abin da take sayarwa a waje sauran sassan Birtaniya yake zuwa. Landan kuma tana cewa tarayyar ta son rai ce, amma ta ƙi faɗin sharaɗin da in an cika shi za a sake tambayar mutane. Ireland ta Arewa na da irin wannan sharaɗi a rubuce tun yarjejeniyar 1998, Sikotlan ba ta da shi. Muddin ba a buɗe wannan ƙofa ba, kowane zaɓe, har na wanda zai kula da kwandon shara, za a ci gaba da murɗa shi ya zama ƙuri'ar raba gardama, kuma kansilan da ya yi aiki da wanda bai yi ba za su ci gaba da fakewa a bayan tuta.

An tsara zaɓen kansiloli na gaba a watan Mayun 2027. In sakamako ya fito, mai karatu, za ka ji wani ya ce Sikotlan ta kama hanyar fita, wani ya ce ta haƙura. Kafin ka yarda da ɗayansu, ka tambaya mutum nawa suka fito, wa aka ba lamba ta biyu, kuma wa ya ƙare a kan kujerar shugaban majalisa bayan mako uku.